Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Majalisar Dokokin Jihar Zamfara: wanda aka karɓo daga daji, wa ke zama da shi?

Mai girma Kakakin Majalisa da dukkan wakilanmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ina yi muku sannu da haƙuri da jama'a. Allah ya yi riƙo da hannayenku.

Ni tsohuwar ma'aikaciyar walwalar jama'a ce, irin wadda mutanen ƙauye ke kira matar walfiya. Na kama aiki tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a yanko mana Zamfara a 1996, na cika shekara 35 na ajiye. A farkon aikina, abin da ke zuwa teburina bai wuce rikicin ciyarwa tsakanin miji da mata ba, da yaron da ya gudu daga gida, da jaririn da aka tsinta. Zuwa ƙarshe kuwa, yawancin masu zama gabana daga daji suka fito, daga hannun masu garkuwa da mutane. Saboda su nake wannan rubutu.

Kun san hoton, don wasunku ma suna cikinsa. A kuɓutar da mutane ko a biya fansa a karɓo su, a zaunar da su layi-layi kan tabarma, a ƙidaya kawuna, a raba sabbin hijabai da silifa, likita ya auna jini ya duba zazzaɓi da kumburin ƙafa, a ɗauki hoto, a damƙa su ga shugaban ƙaramar hukuma ko uban ƙasa. Duniya ta ga irin wannan rana a 2 ga Maris 2021, da aka dawo da 'yan matan makarantar Jangebe su 279. Ban raina ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wanda ya kwana cikin daji ba takalmi ya san darajar silifa. Amma akwai zama ɗaya da ba ya cikin hoton, kuma rashinsa ne ke sa aikin ya tashi a banza. A makarantar koyon aikinmu ana ce masa binciken halin rai da zamantakewa. Mu a ofis ɗaukar tarihi muke cewa. Ma'anarsa a zauna da mutum shi kaɗai, a gano yadda zuciyarsa take, da gidan da zai koma, da abin da zai ci, da wanda zai jingina da shi, sannan a rubuta abin da za a yi masa da wanda zai yi.

Bari in fara da laifina, kada ku ce na zo nuna yatsa.

Wata shekara aka kawo mini wata mata da ta yi wata uku a hannun 'yan bindiga. Na sauya wasu bayananta don kada a gane ta. Layi ya yi tsawo ranar, ƙofar ofis a buɗe, yayan mijinta na tsaye bakin ƙofa da hularsa a hannu. Na ce, "Ya jiki?" Ta ce, "Lahiya lau." Na ce, "Akwai abin da ke damunki?" Ta ce, "Babu komi, mun gode Allah." Na rubuta babu matsala, na sa hannu aka ba ta buhun masara. Ko minti biyar ba mu yi ba. Bayan wata biyu mahaifiyarta ta zo ta durƙusa mini. Ɗiyarta ba ta barci. In ta ji ƙarar babur sai ta shige ƙarƙashin gado. Tana da ciki, mijin bai sake taka ɗakinta ba tun da ta dawo. Kishiya ta hana 'ya'yanta cin tuwon da ta tuƙa. Gonar gado ce aka jinginar aka biya fansa, kuma kullum sai wani cikin dangin miji ya tuna mata cewa ita ta cinye musu gona. Abin da ya taso tsohuwar shi ne an tarar da ɗiyar tana shirin halaka kanta. Duk wannan yana nan ranar da ta zauna gabana, ban da yunƙurin ƙarshe. Ni ce ban tambaya yadda za ta iya faɗi ba.

Na daɗe ina juya wannan rana, har na lura da wani abu da ke bakinmu kullum. Gaisuwar Bahaushe ta ƙunshi kusan duk tambayoyin da ke cikin wannan bincike. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya ruwa. Barci ke nan, da jiki, da muhalli, da dangi, da sana'a. Wani likita a Amurka, George Engel, ya yi suna a 1977 da ya ce ba a fahimtar ciwo sai an haɗa jiki da rai da zamantakewa. Kakanninmu sun riga shi jera tambayoyin. Matsalar ita ce al'ada ta riga ta yanka mana amsoshin. Lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya. Ko gawa ce kwance a ɗaki, in ka ce ina kwana, lafiya za a ce maka. Ga kunya, ga kawaici, ga fulako a wajen 'yan'uwanmu Fulani, ga tsoron kada kuka ya zama butulci ga Allah da ya kuɓutar da kai. Gwanintar ma'aikaci ita ce ya yi waɗannan tambayoyi a wuri da yanayin da amsar gaskiya za ta iya fitowa. Wannan ba ya yiwuwa ƙofa a buɗe, da suruki a tsaye.

Ga yadda zaman yake idan an yi shi daidai. Ana rufe ƙofa, a ba mutum ruwa, a gaya masa ko ke wace ce, da abin da za ki yi da maganarsa, da wanda zai gani da wanda ba zai gani ba, a nemi yardarsa. Ba a farawa da daji. Da barci ake farawa, don ba wanda ke jin kunyar cewa bai yi barci ba. Awa nawa kike samu? Me ke tashin ki? Daga nan abinci, daga nan ciwon jiki. Mutanenmu ba sa cewa ina da ciwon damuwa. Cewa suke gabana na faɗuwa, kaina na zafi, wani abu na yawo a jikina, tunani ya yi mini yawa. Wanda bai san wannan ba zai rubuta maganin zazzaɓi da na ƙarin jini ya sallame ta, ta dawo mako mai zuwa da ciwon da ta zo da shi.

Sai gida. Ina ɗauko takarda in zana iyalin gaba ɗaya, da'ira ga mace, akwati ga namiji, in ja layi tsakanin masu shiri, in karya layin tsakanin marasa shiri. A gidan da ke da mata uku da 'yan'uwan miji huɗu, wannan zane na minti goma yana nuna abin da hirar awa guda ba za ta nuna ba: wa ya tarbe ta, wa ya kau da kai, wa aka kashe ranar da aka ɗauke ta, wa ke can har yanzu. Sai dukiya. Me aka sayar? Shanun huɗa ne, ko gona, ko babur aka saya aka kai? Bashin nawa ya rage, kuma wa ke bi? Na ga gidajen da bashin fansa ya raba fiye da yadda harin kansa ya raba su. Ba a tashi kuma sai an tambayi ƙarfinta. Me ta iya? Tana ƙuli-ƙuli, tana ɗinki, tana cikin adashi, akwai malamar Islamiyya da take jin maganarta, akwai ƙawar da take yi wa kuka? Takardar da ta lissafa raunin mutum kaɗai ba ta da abin da za a ɗora gini a kai.

Akwai tambayoyi biyu da ma'aikata ke tsallakewa, ni ma na tsallake su shekaru. Ta farko: shin kin taɓa tunanin gara ki mutu, ko ki kashe kanki? Mutane na tsoron tambayar za ta sa wa mutum tunanin a kai. Binciken masana ya nuna ba haka ba ne; sau da yawa ajiyar zuciya ake yi, don an samu wanda za a gaya wa. In amsar e ce, sai a san wanda zai kwana da ita, a kawar da maganin feshin gona daga gidan, a kai ta ga likita ranar. Ta biyu ita ce ko an taɓa ta. Wannan tana da agogo a kanta. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki cikin awa 120. Ga wadda ta yi watanni a can, akwai awon ciki da na cututtuka da ya kamata a yi mata cikin sirri. Mace ce kawai za ta yi wa mace wannan tambaya, kuma ba a gaban kowa ba. A maƙwabciyarmu Kebbi, cikin 'yan matan kwalejin Birnin Yauri da aka sace a Yunin 2021, waɗanda suka rage sai a 2023 suka fito, wasu da goyo. Yarinyar da ta dawo da goyo, awon jini da sabon hijabi sun taɓa kashi nawa na abin da ke gabanta?

Ina roƙon ku kada ku ɗauki wannan zama a matsayin tuhuma. Jami'an tsaro na da tambayoyinsu, wane daji, mutum nawa, wace irin bindiga, kuma suna da haƙƙin yi. Namu daban ne, bai kamata a haɗa su a ɗaki ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi kan matsa wa mutum ya ba da labarin abin da ya same shi dalla-dalla da ɗuminsa. Jagoran agajin farko na zuciya da ta fitar a 2011 kalmomi uku ya tsaya a kai: duba, saurara, haɗa shi da taimako. Wanda ya so magana a saurare shi, wanda ya yi shiru a zauna da shirunsa. Ɗan jarida da ke tura wa yarinya abin magana a baki yana cewa me suka yi miki, Allah ya shirye shi.

Kuma zama ɗaya bai isa ba. Firgita da mugun mafarki a makonnin farko ba ciwo ba ne, jiki ne ke sauke abin da ya ɗauko, yawancin mutane kuma suna dawowa daidai in gida ya riƙe su da kyau. Sai abin ya zarce wata guda yana hana mutum rayuwa likitoci ke kiransa ciwo. Ke nan wanda aka gani ranar da ya fito kaɗai, an gan shi a ranar da ba a iya bambance mai warkewa da mai nutsewa. Dole a koma bayan mako biyu, a koma bayan wata, a koma bayan wata uku. Wannan kuɗin mota ne da katin waya, abin da ba ya fitowa a hoto, shi ya sa shi ake fara yankewa a kasafi.

Na yi ta maganar mata, amma maza sun fi wuyar buɗewa. Magidancin da aka ɗaure aka doka gaban 'ya'yansa ba zai ce yana jin kunya ba. Zai daina zuwa majalisa, ya fara faɗa a gida, wani ya kama Tramol. In kuwa an sako shi da wuri ko da kuɗi kaɗan, sai raɗa ta tashi cewa infoma ne, kuma kun fi ni sanin inda wannan raɗa ke kai mutum a yau. Wannan ma tambaya ce ta cikin bincike: in ka koma garinku, kana tsoron wani? Yara kuwa ba sa ba da labari, nunawa suke. Mai shekara tara ya koma fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ka gan su bayan gida da karan dawa a kafaɗa suna wasan kai hari. Akwai kuma matan rugage da aka kashe wa maza aka kore wa shanu, waɗanda ba sa zuwa ofis ko kaɗan don suna ganin ba nasu ba ne. In babu mai jin Fulatanci cikin ma'aikata, ba za su taɓa zuwa ba.

Harshe ma abin lura ne. Akwai takardun tantancewa da aka yarda da su, kamar ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya 20 da ake amsawa da e ko a'a. Suna da amfani, amma in an fassara su a ofis mai sanyi sai su zama abin dariya. Na taɓa jin wani matashin ma'aikaci ya tambayi mata mai kishiya, "Kina baƙin ciki?" Ta zabura ta ce, "Da wa? Ni ba ni baƙin ciki da kowa!" Shi ɓacin rai yake nufi, ita hassada ta ji. Ya rubuta a'a. A zauna da tsofaffin ungozomomi da malaman asibiti na Anka da Shinkafi a gyara kalmomin da Hausar da ake yi a nan. Kuma maki ba hukunci ba ne, alama ce kawai cewa a ƙara dubawa.

Zamfara ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. A 2010, da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sama da 400, an fara zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau. Da aka duba abin da ake yi cikin gidajen, sai ga dutsen zinari mai gubar dalma ana daka shi ana niƙa shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ce ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi kan ƙasar da ta ba shi gubar, shi ya sa maganin yaran garin Bagega da ke Anka ya jira har aka kwashe ƙasar garin a 2013. Matar da na ba ku labarinta, gidan da na mayar da ita da buhun masara haka yake, ban leƙa ba.

Na san za a ce ina likitocin. Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba, kuma asibitin ƙwararru da muke turawa yana Kware a Jihar Sakkwato, ga nisa ga hanya, ga sunan da ke bin mutum in an ce an kai shi can. Amma kaɗan ne ke buƙatar Kware, kuma binciken nan ne ke ware su. Ƙa'idojin da hukumomin agaji na duniya suka amince da su a 2007 sun jera taimakon hawa huɗu: abinci da tsaro da mutunci a ƙasa, sai dangi da al'umma, sai ma'aikacin da aka horar, sai ƙwararre a can sama ga 'yan ƙalilan. Tun 2008 akwai shirin Hukumar Lafiya ta Duniya mai suna mhGAP na koya wa nas da ma'aikacin lafiya na karkara gane waɗannan cututtuka da fara kula da su. Muna da kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, muna da ta jinya a Gusau, duk shekara suna yaye yara. A tarayya kuma an sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, an kuma yi dokar majalisar kula da aikin walwalar jama'a ta 2022. Abin da ya rage shi ne su sauko daga takarda su iso Zurmi da Ɗansadau, kuma wannan a hannunku yake, don ku ke yin doka ku ke amince da kasafi.

Abin da nake nema ba gini ba ne. A kowane babban asibiti na ƙananan hukumomi 14 a ware ɗaki ɗaya mai ƙofa da ke rufuwa, da ma'aikata biyu, mace da namiji, da akwatin ƙarfe mai makulli. Makullin nan kada ku raina shi. Garuruwanmu ƙanana ne, masinjan ofis ɗan ƙanwar kishiyar wata ne, kuma fayil ɗaya da ya fita ya isa ya kashe aure ya kuma rufe bakin duk matan garin. A sa a doka cewa duk wanda hukuma ta karɓo, a yi masa tayin wannan zama kafin a sallame shi, tayi ba tilas ba, a kuma rubuta sunan ma'aikacin da zai bi sawunsa. Su ma ma'aikatan a sa mai duba su duk wata, don yawancinsu daga garuruwan nan suke, wata ma tana sauraron labarin daji alhali ƙaninta na can.

Sai abin da ya fi ci mini rai. Kada a tambayi mutum in ba abin da za a yi masa. A wani sansanin 'yan gudun hijira wata dattijuwa ta dube ni da takardata ta ce, "Ɗiyata, ke ce ta huɗu da ta rubuta ni. Ko garin kunu ban gani ba." Ƙungiyoyi na zuwa da fom ɗinsu, kowa ya tono ciwon ya tafi, in kuɗin aikin ya ƙare fayil ɗin ya bi su. Bincike sai ya ƙare da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Mai bashin fansa, Hukumar Zakka da Waƙafi na nan, kuma masu bashi na cikin kaso takwas da Suratut Tauba ta ambata. Mai rikicin aure da ciki da nasaba, wannan fagen malamai ne da alƙalai, aikinmu mu kai ta ga mai ilimi da tausayi kafin 'yan unguwa su yanke nasu hukuncin. Yarinyar da ke tsoron makarantar kwana, a nema mata ta jeka-ka-dawo. Mai zuwa ruƙya ba ma hana shi, muna cewa ya haɗa da asibiti. Ga wanda ke ganin faɗin damuwa rashin tawakkali ne, nakan tuna masa Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma ba wanda ya fi shi haƙuri mai kyau. Da limamai za su faɗi haka ranar Juma'a, da rabin aikinmu ya ragu.

Ina roƙon kwamitocinku na lafiya da na harkokin mata su yi zama ɗaya, ba kyamara, su kira jami'an walwala na ƙananan hukumomi da malaman jinya da ke karɓar waɗannan mutane, su tambaye su mutum nawa aka koma aka duba bayan wata guda da sallama. In kun kira ni zan zo da fom ɗin da nake amfani da shi, shafi uku ne, ku gani da idonku.

Matar nan ta haihu, namiji. Tana gidan mahaifiyarta, auren bai mutu ba bai kuma tashi ba, gonar na hannun wanda aka jinginar wa. Tana soya awara a ƙofar gida. Ran da na je na ƙarshe, da babur ya wuce ta daina juya cokali har ƙararsa ta ɓace, sannan ta ci gaba.

Wassalam. Allah ya ba mu zaman lafiya.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar walwalar jama'a,
Tudun Wada, Gusau.